Kular Kawu Ta Koma Ta Zoɓo

Jiya a kasuwar Batsari na ga kular ƙanƙarar marigayi Kawu cike da zoɓo, har yanzu raina a ɓace yake. Malamin dabbobi ne. In saniya ta mutu, yakan yanko hantarta kamar farce, ya binne a ƙanƙara, a kai birni a gano cutar.

Wata rana na goyo shi a babur daga Runka da hantar wata saniya, ƙishi ya ishe ni, na kai hannu kular. Ya buge hannun.

"In ƙanƙarar ta narke, me zan gaya wa mai garken?"

Yau shanu na mutuwa a Ruma, 'ya'yansa kuwa sun sayar da kular. Allah Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba makiyaya wani irinsa.