Ɗan'uwan da Bai Zo Jana'iza Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Usaini Mai Lasifika makwancinsa, amma har yau in na bi ta bayan babbar kasuwar Garuwa sai in ji kamar zai leƙo daga rumfar kwanon nan ya ce, "Akawu, wannan tumbin fa? Audugar kamfanin kake ci?" Na so bana in tuna da shi da abin dariya, don mutumin bai taɓa son a ambace shi da fuska a murtuke ba. To amma ranar Litinin mai zuwa motar siminti za ta taso daga Figil ta juye kayanta a cikin rumfarsa, a mai da ita sito. In kun ji dariyata tana ɗingishi a wannan rubutu, ku yi mini uzuri.

Waɗanda aka haifa da waya a hannu ba su san rumfar ba, bari in gaya musu. Benci takwas ne, da talabijin guda, da na'urar bidiyo, da zafin da in ka shigo da ɗanyen kifi daga Binuwai za ka fita da banda. Kowace Asabar bayan la'asar Usaini yakan tsaya a gefen talabijin da makirufo yana fassara wa mutane fim, Hausa a gaba, Fulatanci na biye. Ba ya jin Turanci, Faransancinsa kuwa bai wuce na gardama da jandarma ba. Ni ne kunnensa. Da yake na yi lise, wato sakandare, kuma ina akawu a kamfanin auduga, sai in zauna a kan turmi kusa da ƙafarsa ina raɗa masa abin da 'yan fim suka ce. Yakan saurara da kyau, ya gyaɗa kai, sannan ya faɗi abin da ya ga dama.

Akwai wani dogon fim mai kashi-kashi na yaƙin jirage a can tsakanin taurari. Ba ruwan Garuwa da sunan da masu shi suka raɗa masa. Mu Rigimar Burtali muke ce masa, saboda Usaini ya bayyana mana cewa jiragen nan garken shanu ne na mutanen sama, wasu sun toshe musu hanyar mashaya. Babban kwamandan, wani dogo mai aski tal, ya sa masa suna Arɗo. Wasu halittu masu kan tarwaɗa ya ce masunta ne, shi ya sa ba a yarda da awonsu.

Kaset ɗin ta Yola yake shigo mana, a cikin kayan 'yan kasuwa, tsakanin atamfa da takalman roba, kuma wanda Allah ya kawo shi ne namu. Kashi na huɗu ne ya fara isowa. A ƙarshensa jirgin Arɗo ya kama da wuta, ya mutu yana tare wa jama'arsa hanya. Baffa Sambo mahauci, ƙato wanda ke kayar da bijimi shi kaɗai, ya yi kukan da sai da muka ɗage ƙafafu daga ƙasa. Washegari bai fito da nama ba, wai yana zaman makoki.

Bayan wata uku wani kaset ya iso, takardar jikinsa a yage. Muka sa. Minti biyar ba a yi ba sai ga Arɗo ya shigo da ƙafarsa, garau, har da gashi a ka. Rumfa ta hargitse, wani ya fara salati, wani ya nufi ƙofa. Na ja wandon Usaini na ce, "Na biyu ne wannan, kafin ya mutu. Mu ne muka soma da na gaba."

Ya rufe makirufo da tafin hannu. "Akawu, in na ce musu kukan da suka yi na kwanakin baya ba a kan layi yake ba, wa zai ƙara yarda da ni?"

Ya buɗe hannu ya ce, "Jama'a, ku zauna! Wannan ba Arɗo ba ne. Ɗan tagwayensa ne. Fatauci ya tafi can ƙarshen sama, saƙon rasuwar bai same shi ba tukuna."

Baffa Sambo ya ce, "To ya na ga ya fi marigayi ƙuruciya?"

"Baffa, ɗan kasuwa ne fa. A inuwa yake wuni."

Shi ke nan, magana ta zauna. Daga ranar, duk kaset ɗin da ya zo, in kwamandan ya fito a yamutse Arɗo ne, in ya fito a murje ɗan'uwan ne. Kuma Usaini ya yi wa rumfa alkawari cewa ran da saƙo ya isa, ɗan'uwan zai zo ya tsaya a kan kabarin Arɗo. In wani ya zage shi, ya ce wane irin ɗan'uwa ne wannan da neman riba ya fi masa jininsa, sai Usaini ya ce a bar shi, mutum ne mai nauyin baki, amma yana tafe.

Ni da nake taƙamar boko, sai da na yi shekaru kafin in lura daga inda ya samo wannan labari. Usaini ɗan tagwaye ne. Hasan ɗinsa shi ne Alhaji Hasan mai kwano da siminti, kuma filin rumfar ma nasa ne. Bai taɓa taka cikinta ba. A ganinsa abin kunya ne jikan fataken da suka zo da jakuna daga ƙasar Hausa ya ƙare da ihu a gefen talabijin. Sai Sallah suke gaisawa, ita ma a tsaye. Ran da Usaini ya rasu Alhaji yana Kusseri, ya iso an riga an dawo daga maƙabarta. Ya dai bar mini rumfar. Na riƙe ta da nuna ƙwallo, don ƙwallo ba ta buƙatar tafinta, har waya ta zo ta kwashe mini masu kallon ƙwallon ma. A watan jiya Alhaji ya aiko a gaya mini cewa ya ji an yi sabon kashi na fim ɗin nan. In ya cika benci takwas kamar zamanin ƙaninsa, rumfa tana nan. In bai cika ba, siminti.

Kun dai ji a rediyo cewa sabon kashin a ƙasar masu shi layi ake yi, har da manya masu jikoki sanye da kayan 'yan fim, amma a sauran duniya kujeru ne suka fi mutane yawa. Masana suna ta kawo dalilai. Ni ban yi karatunsu ba, amma na taɓa kuskuren gida a unguwar Domayo ta Marwa, na shiga zaman makokin da ba shi aka aike ni ba. Duk wanda ya shigo sai a fashe da sabon kuka, ana cewa ga wane ya iso, ni kuwa ina zaune ina ta gyaɗa kai ban san ko mamacin mace ne ko namiji ba. Haka sabon fim ɗin nan yake. Ƙofa za ta buɗe, wata tsohuwa ta tsaya, kiɗa ya tashi, a riƙe fuskarta tsawon shan kofin shayi. A can sun san ta tun suna kan cinyar iyayensu, a jere suka kalli labarin, suka tsufa tare da ita, don haka ƙuruciyarsu suke wa kuka. Wannan ba kaya ba ne da za a loda a jirgi a kai wa wasu. Mu nan abin da za mu ce shi ne, wannan kuma matar waye? Masu fim ɗin ba su ga dalilin gabatar da kowa ba. A Garuwa ko akuya ce ta shigo gida sai an faɗi ta gidan wa ce.

Da Usaini yana nan, na san abin da zai ce. Zai ce awa biyu da rabi ana harbe-harbe, babu wanda ya tambayi wani ya gida, babu wanda ya zauna cin tuwo, to wa zai damu in an kashe su? Shi yakan cusa musu gaisuwa a baki. Jirage biyu za su fuskanci juna da bindigogi, ka ji ya ce, "Jam na? Ya yara? To madalla, yanzu zan harbe ka." Sai ya ba kowa uwa da uba da unguwa kafin ya bari a taɓa shi.

Asabar ɗin da ta wuce na gwada. Na ɗaura lasifikarsa a bayan babur na zaga gari har muryata ta koma ta agwagwa. Mai babur ɗin kansa ya ce, "Baba, sai na kalli goma kafin in gane na sha ɗaya? Ni ko makaranta ban yi aji goma ba." Mutum goma sha huɗu suka zo, in aka haɗa haƙoranmu duka ba za su cika baki uku ba. Baffa Sambo yana bencin gaba da sandarsa da sabuwar hula.

Na ɗauki makirufo, na yi abin da na iya, wato fassara tsakani da Allah. Abin da suka ce shi nake faɗa. Na ambaci majalisar taurari da yarjejeniyar da aka karya da sunaye masu tsawon igiyar guga, ina gani mutane suna hamma bi da bi kamar an raba musu. Can sai aka nuno jama'a sun taru a gaban wani dutse da aka sassaƙa da fuskar Arɗo, kowa ya sunkuyar da kai. Baffa Sambo ya miƙe a kan sandarsa.

"Akawu, ga kabarin. Ina ɗan'uwan? Ya iso?"

Da jaki aka ba makirufo a wannan lokaci da ya fi ni dabara. Na ce, "Baffa, gaskiya babu wani ɗan'uwa. Mutum ɗaya ne. Kaset ne ya zo mana a birkice, Usaini ya rufa mana asiri."

Baffa ya dube ni, ya dubi talabijin, ya gyara hularsa. "Shekara talatin nake jiran mutumin nan," ya ce, ya fita. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya zage ni, wanda da sun yi da ya fi mini sauƙi. Aka bar ni da jirage suna ta harbin juna a gaban benci takwas.

Da na waiga sai na ga Usaini a bakin ƙofa. Wallahi sai da na yi salati kafin in lura da babbar riga da tef ɗin awo a hannunsa. Alhaji Hasan ne, ya zo auna inda buhuna za su zauna.

"Wane ɗan'uwa ne ake tambaya?" ya ce.

Na ba shi labarin tun daga yagaggen kaset. Yana tsaye, bai zauna ba.

"Me ya ce ya hana shi zuwa?"

"Ya ce saƙo ne bai same shi ba, Alhaji. In an zage shi kuma yakan ce a bar shi, nauyin baki ne da shi, amma yana tafe."

Ya daɗe yana naɗe tef ɗin nan a hankali. Sannan ya ce, "Ran da ya rasu, saƙo ya same ni tun da hantsi. Na tsaya a gama sauke kaya."

Ya sa tef ɗin a aljihu.

"Na riga na ba direba magana, Litinin ta sama mota za ta zo," ya ce. "Amma Asabar ka sa na huɗun da na biyun. Yadda ya faɗa, ba yadda Turawa suka faɗa ba. Ka ajiye mini wuri."

To ga inda nake, jama'a. Kaset ɗin suna nan, na'urar ma tana tashi in an mare ta sau biyu. Muryar Usaini ce babu. Ba mu taɓa ɗaukarta ba, don wa ya yi tunanin za ta ƙare? Kwana huɗu ina tsayawa gaban madubi da ludayi a hannu ina gwadawa, har uwargida ta fara tambayar ko a kira malam. Rabin abin da ya faɗa ya zube mini. Na manta sunan da ya ba matar Arɗo. Na manta abin da ya haɗa masunta da Sarkin Pawan sama faɗa. Sau uku ina zuwa teburin Baffa Sambo, sau uku yana juya mini baya yana sara ƙashin da ba ya buƙatar sara.

Na zauna na auna abin da Usaini ya bari. Bai bar gida ba, rumfar ma ta aro ce, kuma nan da mako guda ƙurar siminti za ta rufe inda yake tsayawa. Masu fim ɗin da duk dukiyarsu sun kasa sa mu damu da mutanen da suka ƙera. Shi kuwa da makirufo mai tsatsa ya ƙirƙiri mutum ɗaya a cikin daƙiƙa uku, wani mahauci ya jira shi shekara talatin. Abin da ya rage nasa ke nan, kuma a warwatse yake a kawunanku, ni ma da nake riƙe da kaso mafi girma na fasa nawa da bakina.

Saboda haka roƙonku nake yi, ba wasa a ciki. Duk wanda ya taɓa zama a bencin nan, ko kana Figil ko kana Marwa, ka zo ranar Asabar bayan la'asar. Ba a karɓar komai a ƙofa. Ka zo da abin da ka tuna, in na kauce ka gyara mini da ƙarfi, in na tsaya ka ɗora. Kuma don Allah wani wanda Baffa Sambo ke jin maganarsa ya je ya gaya masa cewa Akawu ƙarya ya yi. Akwai ɗan'uwan. Saƙo ya same shi, ya iso, kuma a bencin gaba zai zauna.