Sunan Ticha Gregory a Ƙasan Allon Kifi

Ticha Gregory ya koyar da Turanci a wata firamare a Samaru har furfura ta cika masa kai. Da ya yi ritaya sai ya kama rumfa a Sabon Gari, kusa da inda nake gyaran takalma, yana rubuta wa masu shago allo. Duk allon da ya gama, sai ya sa sunansa ƙanana a ƙasa. Ba shi da gida nasa, ba shi da mota, wannan sunan shi ne abin da yake tinƙaho da shi.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma zama da shi ya sa na tsinci abu ɗaya. Ya ce akwai kalmomin da ake kira sifa, su ne ke faɗin yadda abu yake. Mu muna iya cewa farin zane ko zane fari, amma Bature gaba yake sa ta, ido ya fara cin karo da ita. Shi ya sa, in ji shi, maƙaryata suka fi son ta.

Wata rana Uba mai kifin ƙanƙara ya zo a rubuta masa "Fresh Fish". Ticha ya bi shi ya ga shagon, ni ma na raka su. Tun daga bakin layi wari ya tare mu. Injin sanyin ya daɗe da mutuwa, kifin ya kumbura, cikinsa ya fashe, wani ruwa mai yauƙi yana bin ƙasa, ƙudaje kore shar sun rufe tire. Na toshe hanci da hulata.

"Uba, wannan ne fresh?"

"Haba Baba Ticha! Fresh ba ɗanye ba ne? Ka ga na soya shi? Ka ga na banda shi?"

Ticha ya yi masa bayani a hankali. Ɗanye a wurinmu yana ɗaukar wanda ba a dafa ba da wanda bai kwana ba, amma Bature ya raba su. Wanda bai ga wuta ba "raw" ne, ko da ya ruɓe. "Fresh" kuwa sai sabon kamu.

"To wa zai sayi ro?" in ji Uba yana dariya. "Kai dai rubuta, ba kai za ka ci ba."

Ticha ya rubuta "Fish" kaɗai, ya sa sunansa, ya ba shi. Bayan kwana biyu muka ga allon a rataye. Uba ya sa wani ya ƙara "Fresh" da jan fenti a gaba, har da "Very", sunan Ticha kuma yana nan a ƙasa. Wata Winifred da suke coci ɗaya da Ticha ta tsaya a rumfarsa ta ce saboda sunansa ta saya, yaranta sun kwana suna amai.

Ticha ya miƙe. Ya ɗauki gwangwanin baƙin fenti, ya ari bencina, ya je shagon ya taka shi a gaban Uba da masu ciniki, ƙudaje na sauka masa a fuska, ya shafe sunansa tas. Ya dawo ya wanke hannu ya sake wankewa, ya tofar da yawu a kwata.

Har yanzu yana rubuta allo, amma tun ranar bai ƙara sa sunansa a ƙasan ko ɗaya ba.