Hedimasta a Kan Suri

Shekara talatin da biyu Bambo Wisikesi, wato Baba Wisikesi a yarenmu, ya yi yana hedimasta a ƙauyenmu, gindin dutsen Mulanje, kuma ba wanda ya taɓa jin kalmar fitsari a bakinsa. Mu da muka yi karatu a hannunsa, in ya matsa mana sai mu ɗaga hannu mu ce za mu je duba masara. Wanda ya faɗi sunan abin kai tsaye, bulala uku. Ni shida na sha, don haka kada a sa ran zan rufa masa asiri.

Da tsufa ya zo, abin da ya ƙi ambata sai ya ƙi fita. Wata likita a asibitin gunduma, Tiyamike, ta ce tsoka ce ta kumbura a ƙarƙashin mafitsara ta matse hanya, sai an yi aiki. Saura mako biyu a yi, korona ta shigo. Aka kwashe gadajen ɗakin maza aka ba masu tari, aka ce duk aikin da ba na gaggawa ba ya jira. Likitar za ta riƙa kiran masu jira ta waya duk Laraba, wanda ya fi jin jiki shi ne a gaba idan an buɗe.

To, mu waya ba ta kamawa sai a kan wani tsohon suri da ke tsakiyar kasuwa, daidai inda nake kasa tumatir. Laraba kuwa ranar kasuwa ce. Ga shi kunnensa ya yi nauyi, sai ya ƙure muryar wayar.

Larabar farko ya hau surin da kwat ɗinsa da takunkumi. Duk muka ji ta ce, "Bambo, yaya fitsarin?"

Ya dube mu, muka dube shi. Ya ce, "Lafiya ƙalau, 'yata. Yaya mutanen gida?"

Haka ya yi Laraba uku. A ta ukun ta ce, "Madalla. Tunda sauƙi ya samu, bari in mayar da sunanka ƙasa."

Matarsa, Mayi Esinala, wato Mama Esinala, tana gefe tana auna gyaɗa. Ta ajiye kwano ta ce, "Baban Limbani, wane sauƙi? Wa ke fita sau takwas kafin gari ya waye yana tattake mini kaji? Ka ci gaba da gaisuwa, da kwat ɗin nan za mu binne ka."

Laraba ta huɗu ya hau, ya rufe ido, ya ɗauko muryar da yake tara ɗalibai da ita. Ya faɗa mata sau takwas ne, wani lokaci tara. Ya ce yana ɗiga kamar famfon da ya lalace, sai ya tsaya ya gama addu'a guda kafin ya fara zuwa. Ya ambaci kalmar sau bakwai, na ƙirga. Na so in yi dariya, sai tausayi ya kama ni. Sunansa ya koma na ɗaya.

Daga nan cinikina ya buɗe. Duk Laraba tsofaffin da ba su taɓa yin cefane ba sai su kewaye tumatirina, suna latsawa, kunne na kan suri. Wannan ya ce a hankali, "Hedimasta, tambaye ta, wani maƙwabcina ne ke jin zafi." Shi kuma ya miƙa tambayar da ƙarfi, har da sunan mai ita. Daga baya likitar ta zo tattara bayanai don bincike, ta ce ko'ina masu zuwa da ciwon mafitsara sun ragu a shekarar, ban da ƙauyenmu, kuma ta rasa dalili. Na nuna mata surin.

Akwai Yotamu mai gyaran keke, abokin dararsa tun samartaka. Mako shida yana zuwa yana latsa tumatirina kawai. A na bakwai ya ja ƙafar wandon hedimasta ya ce, "Ɗan'uwa, in mutum na ganin jini fa? Kusan shekara."

Hedimasta ya dube shi. A karon farko bai ɗaga murya ba, wayar ya miƙa masa.

Da aka buɗe ɗakin aiki, gado ɗaya ne kawai. Likitar ta kira ta ce, "Bambo, naka zai iya jira, nasa ba zai jira ba. Amma kai ne na ɗaya, sai da yardarka."

Ya sauke wayar daga kunnensa. Sannan ya juya wajen Yotamu ya ce, "Ni na zubar da mutuncina a gaban masu tumatir, kai ka zo ka shige gabana. Tafi, munafuki."

Wata huɗu ya ƙara yana tattake kajin Mayi Esinala kafin nasa ya zo. Yotamu na nan da ransa. Duk yamma suna dara a ƙarƙashin mangwaro, in ɗaya ya miƙe tsakiyar wasa, ɗayan ba ya tambayar inda za shi, sai dai ya tsare masa 'ya'yan dararsa har ya dawo.