Mazarin da Wata Ya Miƙa Sau Ɗaya

A 'Yankuzo, idan an gama girbi sanyi ya shigo, bayan sallar isha'i mukan taru a bakin murhun kakarmu, Inna Tumba. Takan binne dankali a toka, ta jawo kwandon audugarta, tana kaɗi tana ba mu tatsuniya.

Akwai wata Juma'a da ba na mantawa. Yayata Sa'a, wadda ta fara aikin buga takardu a Gusau bayan an ba mu jiha, ta dawo gida idonta jawur. Shugabanta ne ya tambaye ta ko za ta je kwas ɗin koyon kwamfuta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a, ranka ya daɗe, a ba manya." A gidanmu haka ake yi, ko tuwo aka miƙo maka, sai an ce "ci mana" sau uku. Tana jiran ya sake tambaya, sai ya rubuta sunan wata.

Inna ta ɗauki mazarinta. Mu yara ta kalla ta ce, "To, ga ta nan tafe, ku matso."

Wai wata yarinya ce gwanar kaɗi, har Wata ya ɗauke ta aiki a sama, tana kaɗa masa zaren da ake saƙa gajimare. Ƙafafunta na lilo a kan taurari, audugarta fara fat. Daren sha huɗu Wata ya tsaya a kanta, ya miƙo mazari na azurfa ya ce, "Kina so?" Ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Haba, ni wace ce?" Wata ya ce to, ya wuce, ya ba wata yarinya da ke kaɗi a gaba.

Ƙanena ya ce, "Inna, Wata mugu ne!"

Ta ce, "Rufa mani baki, sarkin ci. Ba mugunta ba ce, tafiya gare shi. Duniya duka ke jiran haskensa, ina ya ga lokacin lallashi?"

Yarinya ta yi ta kaɗi da tsohon mazarinta, Wata na ramewa, ya ɓace, ya sake fitowa siriri. Da ya cika ya zo wucewa, ta miƙe ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Ranka ya daɗe, wancan karon ina so, kunya na ji."

Sa'a ta ɗago kai. "Ya ba ta?"

Inna ta tono dankali ta bushe tokar. "Dankali ya nuna, tatsuniya ta ƙare. Sauran ki tambayo a Gusau, ɗiyata."

Ranar Litinin Sa'a ta faɗa wa shugabanta haka. Sunaye sun riga sun tafi, ba ta samu ba. Amma ya rubuta nata a gefe, da shekara ta zagayo ita aka fara kira.

Na daɗe ina zaton Inna kunya ta tsine wa. Sai bana, da 'yata Maryam za ta fara aiki a asibiti, na gane ba haka ba ne. Na ce wa Maryam ta gaida kowa, ta girmama na gaba. Amma idan aka tambaye ta ko tana so, ko ta iya, ta amsa tun a karon farko, da muryar da za a ji.