Kai ko Nama

Shekarar da aka rufe masallatai saboda korona, damina biyu bayan rasuwar maigidana, ina ƙasar waje, a wata unguwa mai suna Danau Kota, a bene hawa na goma sha huɗu. Wankan jegon 'yata ne ya kai ni, kulle ya riƙe ni.

Surukina karatun kifin teku yake yi. Akwai wani tsibiri da hukuma ta hana kamun kifi a gefensa, inda murjani ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa kamar kurmi. Aikinsa shi ne ya gano ko hanin ya amfani kifin. Kulle ya hana shi komawa can, sai bidiyon da ya ɗauko a baya yake dubawa a kwamfuta, na inda aka hana da na inda masunta ke shiga. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, yawan kifin kusan ɗaya. Wa'adin karatunsa saura wata uku, in ba sakamako, gida zai koma hannu rabbana.

Ni ban yi boko ba, amma ubana Sarkin Ruwa ne. A garinmu akwai gurbin da ko ƙugiya ba a jefawa sai ranar su, sau ɗaya a shekara.

Ba na magana da suruki kai tsaye, ga falon kamar akurki. Wata rana ina tsince shinkafa ina satar kallo, na ce wa 'yata:

"Ke, tambayi mijinki, kai yake ƙirgawa ko nama?"

"Inna, ga shi nan fa kusa da ke."

"Na ce ki tambaye shi."

Ya sunkuyar da kai. "Ki ce wa Inna kai nake ƙirgawa."

"To ki ce masa wancan ruwan da masunta ke shiga duk 'yan mitsi-mitsi ne, ko miya ba za su yi ba. Wannan da aka hana kuwa ga iyaye nan masu ƙwai. Babanmu bai taɓa ƙirga kifin gurbi ba, da kamun hannu yake auna tsawonsa."

Daga baya na ji ashe malaminsa, wani dattijo ɗan ƙasar, ya faɗa masa haka tun farko, wahalar awon ce ya guda. Sati shida yana auna kifi ɗaya bayan ɗaya a bidiyon. Manyan suka fito a inda aka hana, ban da wani lungu da ɓarayin masunta suka saba shiga. Ta kwamfuta aka yi masa jarrabawa, ya ci.

Malamin nan korona ta ɗauke shi kafin a buɗe gari. Surukina da 'yata suna raye, sun dawo gida, yana koyarwa. Jaririn har ya shiga makaranta. Sai ni, ga ni nan.