Dorinar Jirgin Alhaji Garba

Asabar: Daga Yelwa zuwa Warra

Ƙarfe shida saura minti goma, ina idar da sallar asuba, na ɗaura gwangwanayen fenti huɗu da burusai a cikin buhu, na tari ɗan kabu-kabu zuwa tasha. Ni mai zane ne a Yelwa. Shekara goma sha bakwai ina zana zaki da mikiya a bayan manyan motoci, ba a taɓa dawo mini da aiki ba sai a makon da ya wuce. Alhaji Garba, wani dattijo mai jirgin fito a Warra, ya sa na zana masa dorina a allo, in ta yi masa in je in zana ta a goshin sabon jirginsa. Na buɗe littafin ɗiyata na firamare na kwafo ta tsaf. Ya zo shagona, ya dubi allon a gaban masu gyaran taya, ya ce, "Malam Sani, wanga alade na da yas sha ruwa. Ka taɓa ganin dorina kuwa?"

Ban taɓa ba. A bakin kogin Kwara aka haife ni, amma iyakata da ruwa wanka. Tun ranar yaran layinmu ke kirana Mai Alade, kuma na san in sunan ya bi ni, aikin jirage ya kuɓuce mini ke nan. Alhaji ya ce in zo in gani da idona, in na zana abin da bai yarda da shi ba zai kira wani daga Kwantagora.

Motar ta cika ƙarfe bakwai saura kwata, mu bakwai da buhunan albasa uku. Mun wuce shingen jami'an tsaro biyu kafin mahaɗar Ngaski. A na biyun wani ya leƙa buhuna ya ce, "Mene ne wannan?" Na ce fenti ne, dorina za ni zanawa. Ya ce, "Za ta tsaya maka?" Direba ya yi dariya har da bugun sitiyari, ya ce, "Ranka shi daɗe, bar shi ya tai, ita za ta zana shi."

Daga nan hanya ta lalace. Muka riƙa wuce matan Kambari ɗauke da itace a kafaɗa, ba a kai ba, abin da kullum nake son in zana ban samu zama ba. Ƙarfe tara da minti ashirin muka shiga Warra, garin da ke bakin tafki.

Warra

Alhaji ya sauke ni a ɗakin baƙi na zaurensa. Aka kawo fura, da rana kuma tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, wadda kanta kaɗai ya cika kwano. Bayan la'asar ya aika aka kira mutumin da zai kai ni. Sunansa Bitrus, Bakambare, gajere, mai furfura a gemu. Ya yi aikin gadin daji a ƙetaren tafki har ya yi ritaya, yanzu shi ke kai baƙi kallon dorina da tsuntsaye, ɗalibai da 'yan birni, jefi-jefi har da Turawa.

Tambayoyi na fara jero masa. Yatsunta nawa? Tana da gashi? Wane launi ce, baƙa ko toka? Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Gobe ka gani. Amma dokata ukku ta. Ka sa rigar ruwa. Ba ka tsayuwa cikin kwalekwale. Kuma abin da hannuna ka yi, kak ka hana shi." Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ta biyun da ta ukun ban ma saurara da kyau ba, hankalina yana kan launi.

Lahadi: A kan ruwa

Bitrus ya ce sai mun fita da wuri don ya dawo ya samu coci. Ƙarfe shida da minti biyar muka tura ƙaramin kwalekwale daga kwata, shi a baya da filafili, ni a tsakiya da littafin zane a kan gwiwa. Babu inji, ya ce ƙararsa na ɓata wa dorina rai. Muka bi gefen tafki muka yi kudu, muna wuce masunta suna ɗaga taru. Tsuntsayen kirinjijiya suka tashi garke guda daga cikin ciyawar burgu. Ya nuna mini wani gungume a kan yashi, ina cewa ai itace ne, gungumen ya zame cikin ruwa. Kada ne.

Bayan minti arba'in ya ja zuwa gaɓa ya ce in sauka in duba ƙasa. Sawun dorina ne a cikin laka, faɗinsa ya kai farantin tuwo, yatsu huɗu. Na durƙusa na auna da tafina, na zana. Ya nuna mini wata hanya da aka turmushe zuwa cikin wata gonar shinkafa, da kashi warwatse a jikin ganyaye har tsayin ƙirjina. Ya ce da wutsiya take watsa shi don 'yan'uwanta su san wurin da mai shi. Na ce, "To mai gonar fa?" Ya ce, "Shina kuka, ita tana ci. Sun daɗe haka."

Da muka koma ruwa sai ya fara wani abu. Duk jan filafili uku sai ya bugi gefen kwalekwalen, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na ɗauka tsohuwar al'ada ce ta hannu, irin yadda nake kaɗa burushi a bakin gwangwani.

Ƙarfe bakwai da kwata ya tsaya, ya miƙo mini madubin hangen nesa, ya ce, "Ga su can, biyar." Na duba ban ga komai ba sai duwatsu. Sai wani dutse ya kaɗa kunne. Kunnuwa 'yan mitsi-mitsi, idanu a kan tudu biyu, hanci ya fesar da ruwa, shi ke nan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na baro Yelwa, na sha ramukan Ngaski, don in ga kunne? Na ce, "Ina jikin?" Ya ce, "Shina ƙasa, inda Allah ya aje shi." Ya ci gaba da ƙwas, ƙwas, yana matsawa kaɗan kaɗan.

Na lura duk lokacin da ya buga sai su nutse, su sake ɓullowa can gaba. Sai na yanke hukunci irin na wanda ya saba abin zanensa ya zauna masa shiru: bugun nan ne ke korar su. Na juya na kama filafilin da hannu biyu, na ce masa a hankali, "Don Allah minti biyu kawai." Ya ce, "Saki." Ban saki ba. Iska ta ci gaba da tura mu shiru zuwa wajensu, ni kuwa ina murna.

Na ƙirga kawuna, huɗu. Ban gama tunanin ina ta biyar ba ruwa ya tsage a gefenmu, tazarar da ba ta fi tsawon kwalekwale uku ba. Kai ya fito kamar buhun gero biyu a haɗe, ta buɗe baki, cikinsa ja, haƙora kamar ƙotar fartanya, ta yi wani gurnani da na ji shi a cikin cikina. A bayanta wani ƙaramin kai ya leƙo. Na yunƙura zan miƙe, Bitrus ya danna kafaɗata ƙasa da hannu ɗaya, ya fizge filafilinsa, ya buga sau uku, ya fara ja da baya zuwa inda ruwa bai da zurfi, ba gaggawa. Ta bi mu da ido, ta rufe baki, ta nutse.

Sai da kwalekwale ya taɓa yashi ya yi magana, kuma bai ɗaga murya ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ya ce, "Malam, bugun ga sallama ta. Ina hwaɗa musu ga mu nan, ga inda muke, su matsa da ɗiyansu. Kai ka shiga gidan mai jego ba sallama. In da ta kife mu, ni za a ce na kashe baƙo." Kunya ta kama ni fiye da tsoro. Na ba shi haƙuri. Ya ce, "To ka ga jikin yanzu?" Na dubi littafina. Ban da sawun ƙafa babu komai a ciki.

A hanyar dawowa na tambaye shi sau nawa ya ga dorina duka a waje, da rana. Ya ce a duk shekarunsa bai fi a ƙirga da yatsu ba, sai dai gawa. Ya ce mutanen ruwa kunne da ido suka sani, da su suke gane namiji da mai ɗa, da su suke sanin ranar da ba a wucewa. Ina ta juya maganar har muka iso kwata ƙarfe tara saura minti biyar. Ya tafi coci da wandonsa a jiƙe.

Litinin: Aiki da komawa

Da safe na sa aka tura sabon jirgin cikin ruwa, aka ɗora masa buhuna gwargwadon lodin da ya saba ɗauka, na ja layi da alli daidai inda ruwa ya tsaya. Aka jawo shi kan yashi. A saman layin nan, a goshin jirgin, na zana kunnuwa biyu, ɗaya a karkace, da idanu a kan tudunsu, da hanci. Na haɗa toka da ɗan ja, yadda na gani. A bayanta na sa ƙaramin kai. Ƙasan layi ban taɓa ba. Masu kallo suka taru, wani ya ce fenti ne ya ƙare mini.

Da azahar fentin ya bushe aka mayar da jirgin ruwa da lodinsa, aka kira Alhaji. Na san in ya ce a'a, gara ma sunan Mai Alade da wanda zan koma da shi. Ya gangaro da sandarsa, ya tsaya. Igiyar ruwa tana taɓa hancin tana sauka. Ya ƙura wa zanen ido. Sannan ya matsa zai shiga jirgin, sai ya ɗaga sandar ya bugi gefensa sau uku, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kafin ya sa ƙafa. Bai ma san ya yi ba sai da mutanen kwata suka fashe da dariya. Ya waiwayo ya ce, "Malam Sani, ita ta. Har da ɗiyar."

Na bar Warra ƙarfe uku da rabi, na shiga gida ana kiran magariba, da ƙullin busasshen kifi daga iyalin Alhaji. Na gode wa Allah da ya dawo da ni da ƙafafuna. Na gode wa Alhaji Garba da ya ƙi karɓar abin da ban gani ba, da Bitrus da ya yafe mini. Ita ma mai jegon ina gode mata, don ta fi ni haƙuri.