Takardun da na naɗe kofuna da su

A shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik ina can, ina haya a unguwar Xiaobei, ina saro kayan tangaran ina turawa Kano. A ɗakin da ke kallon nawa akwai wata dattijuwa 'yar Indiya, siririya, kai fari fat, tana tafiya tana dafa bango. Mama nake ce mata. Ranar da ta ce min ita mai rawa ce, da ƙyar na danne dariya. Ni da na tashi a gaban finafinan Indiya ai na san masu rawa, kuma ban taɓa ganin mai ciwon gwiwa a cikinsu ba.

Ashe rawar tata daban ce, ta ɗakunan bautarsu ce. Tun tana ƙarama aka fara koya mata, ta zaga ƙasashe da ita har gwiwa ta ƙi. Daga nan ta koma bin tsofaffin ɗakunan bauta inda aka sassaƙa masu rawa a jikin dutse. Takan manna takarda marar kauri a kan sassaƙar, ta goga gawayi a hankali har siffar ta fito. Shekara talatin tana tarawa don ta rubuta littafi, wasu duwatsun ma sun riga sun lalace. Wata jami'a ta China ce ta gayyato ta koyarwa. Duk ta ba ni labarin nan ina “to, to” ina danna waya. Ban taɓa cewa ta nuna min ko ɗaya ba.

Ta yi tafiyar wata biyu, sai ruwa ya fara ɗiga a ɗakinta. Mai gidan, wata 'yar China, ta kwashe mata kaya, ta ajiye wani kwalinta a lungun da muke jibge kwalayen da ba a so. A ranar ne mai tura min kaya daga unguwar Baiyun ya bugo, ya ce bincike ya tsananta saboda wasannin, in ban kai nawa da yamma ba sai abin da Allah ya yi. Ga saitin kofunan shayi zube a ƙasa, abin naɗi ya ƙare. Na tambayi mai gidan ko tana da tsohuwar jarida, ta ce “meyo”, wato babu. Na buɗe kwalin nan, na ga takardu masu laushi duk baƙin gawayi, har na ji daɗi. A jikin wata na ga abu kamar hannu da yatsu a tanƙware. Na gani, ba zan yi ƙarya ba. Na yage ta biyu na cusa a kofi.

Da Mama ta dawo ta ƙwanƙwasa min, riƙe da kwalin babu komai a ciki.

“'Yata, ko kin ga wanda ya taɓa wannan?”

Na zauna a bakin gado. Ƙanwata na kira a Kano, wadda ke karɓar kayan.

“Takardun da ke cikin kofunan nan, suna ina?”

“Waɗannan masu dattin? Yaya, sai da muka wanke kofunan kaf. Na ba mai ƙosan layinmu.”

“Ruga ki karɓo! Yanzu!”

Muka zauna jira, ni da Mama. Can wayar ta yi ƙara.

“Yaya, ta ce suna baƙanta mata ƙosai, sai ta riƙa hura wuta da su. Jiya suka ƙare.”

Na juya wa Mama maganar zuwa Turanci. Na so ta zage ni, ta mare ni ma, da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon kwalin, sannan ta cire takalmi, ta durƙusa da ƙyar ta taɓa ƙasa da hannu, yadda masu rawarsu ke yi kafin su fara.

“Wayarki tana ɗaukar hoto? Ɗauke ni, zan tsaya yadda kowace sassaƙa take. Ginshiƙi na farko, daga ƙofar gabas.”

Ta buɗe gwiwoyi, ta karkata ƙugu, ta ɗaga hannu, ta tsaya cak. Matar da ke dafa bango ce wannan? Na ɗauka, ta sauya, na ɗauka. Tana faɗin garin da ginshiƙin, ina rubutawa a bayan wani kwali. Zufa na zuba, gwiwar na karkarwa, ba ta zauna ba.

A wajen ginshiƙi na ashirin ta ɗaga hannun dama, ta tsaya. Ta juya tafin sama, ta juya shi ƙasa, ta sake mayar da shi sama.

“Wannan sassaƙar na yi kwana uku a gabanta,” ta ce. “Yanzu ban san ina hannun yake kallo ba.”

Ina riƙe da wayar, ina jira ta ce in ɗauka. Ba ta ce ba.